Daga En'e zuwa Ƙaramar Hukuma: Yadda Gyaran 1976 ya Sauka a Boɗinga da Shagari

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya nufi Jega, Boɗinga zai fara tararwa, sa'an nan ya ratsa Shagari. Kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan biyu hedkwatar ƙaramar hukuma ne a yau, amma ba lokaci ɗaya suka sami wannan matsayi ba. Tazarar da ke tsakaninsu tana nuna yadda ƙa'idar da aka tsara a ofis mai nisa takan sake kama idan ta iso ƙasa.

Sha'anin tsara mulki ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A Sifawa, wadda ke cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba ɗawainiyar daula a 1812: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, wanda shi kansa ya zauna a Boɗinga. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai suka ɗora nasu tsarin bisa wanda suka tarar, watau mulkin En'e. Umurni yakan fito daga Kaduna ya zo hannun Razdan, daga nan sai majalisar Sarkin Musulmi, sai uban ƙasa, sai hakimi, har ya dire ƙofar mai unguwa. (A lura, a Sakkwato "uban ƙasa" shi ne wanda Kanawa ke kira hakimi, "hakimi" kuwa shi ne dagacinsu.) Ta wannan hanya Shagari take bin Sarkin Kabin Yabo. Haraji da jangali kuma su bi sawun umurnin su koma, har su shiga Baitulmali. Tsari ne mai nauyi a wuyan talaka, kuma ba a cika neman shawararsa ba, amma dai ya san wanda ya aza masa nauyin, ya san ƙofar gidansa.

Soja suka fara sassare wannan itace. Tsakanin 1967 da 1970 aka karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A watan Fabrairu na 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, a watan Agusta kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da ƙa'idojin gyaran ƙananan hukumomi, da gabatarwar Birgediya Shehu Musa 'Yar'aduwa. Abin da ke ciki a taƙaice shi ne: tsari iri ɗaya ga ƙasar duka, majalisa wadda yawancin 'ya'yanta zaɓaɓɓu ne, kaso daga kuɗin tarayya, sarakuna kuma su koma ga ba da shawara. Ikko ta shata iyaka, gwamnan soja na kowace jiha ya mayar da ita doka, ma'aikatar ƙananan hukumomi ta aiwatar.

Ƙa'idar da ta fi shafar garuruwan nan biyu ita ce ta yawan jama'a. An ce kada ƙaramar hukuma ta gaza mutum 150,000, kada kuma ta wuce 800,000, sai fa babban birni. Abin mamaki, an kafa ma'auni da ƙidaya a daidai lokacin da ƙasar ba ta da sabuwar ƙidaya, domin gwamnatin Murtala ta soke ta 1973, aka koma dogaro da ta 1963. Ba kowace ƙasar uban ƙasa ce ta kai wannan adadi ba, sai ya zamana dole a haɗa maƙwabta a zaɓi gari ɗaya a aje sakatariya. Boɗinga ta dace, ta shiga cikin ƙananan hukumomi 19 na jihar. Shagari kuwa ta tsaya ƙarƙashin Yabo. Ga mutumin ƙauye, zaɓen hedkwata shi ne gyaran gaba ɗayansa, domin inda sakatariya take can asibiti da hanya da aikin albashi suka fi saurin zuwa.

Bayan shekara uku ɗan Magajin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, ya zama Shugaban Ƙasa, kuma a hannunsa maganar kuɗin ƙananan hukumomi ta faɗo. Ya kafa kwamitin Okigbo, majalisa ta yi dokar rabon arziki, ya sa hannu, sai Kotun Ƙoli ta rushe ta a 1981 saboda ba a bi hanyar da tsarin mulki ya tanada ba. Dokar da ta maye gurbinta ta ba ƙananan hukumomi kashi 10 cikin 100. To, amma kuɗin ba kai tsaye suke zuwa ba, sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Nan ne gyaran ya yi tuntuɓe. Ikon da aka zare daga fada ba duka ya iso majalisar Boɗinga ko ta Yabo ba, mafi yawansa ya yada zango a gidan gwamnati. Bugu da ƙari, gwamnoni da dama na Jamhuriya ta Biyu sun naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe, suka yi ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, har gwamnatin Buhari ta soke su a 1984 ta mayar da adadin 301.

Ma'aunin yawan jama'a bai daɗe ba shi ma. Gwamnatocin soja da suka biyo baya sun kai adadin 589 a 1991, sa'an nan 774 a 1996, kuma a cikin wannan guguwa aka cire Shagari daga Yabo, aka kuma yayyanke tsohuwar ƙaramar hukumar Boɗinga. Tsarin mulkin 1999 ya jera su biyun cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar, ya kuma bar asusun haɗin gwiwa a sashe na 162. Sai ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kada a ba wadda ba zaɓaɓɓiyar majalisa ke riƙe da ita ba, shekara 48 bayan ƙa'idojin da suka kira su hawa na uku na gwamnati.