Kufan Birnin Maisini

Ranar hutu muka yi sammako daga Atina, babban birnin ƙasar Girka, muka nufi kudu maso yamma, tafiyar kamar mil 75. Da hantsi sai ga mu gindin wani tudu tsakanin duwatsu biyu. Nan ne kufan Maisini, birnin da mawaƙinsu Homa ya ce na Sarki Agamemnon ne, wanda ya ja rundunar Girkawa suka ci birnin Turoya da yaƙi.

Abin da ya fara tsai da mu ganuwa ce. Kaurinta ya kai ƙafa 20, duk da manyan duwatsu aka jera ta. Har Girkawan da suka zo daga baya, da suka ga girmansu, suka ce ba aikin ɗan Adam ba ne, waɗansu ƙatti ne masu ido ɗaya suka ɗora su. Bisa ƙofar birnin an sassaƙa zakoki biyu suna dafe da gindin ginshiƙi, kawunansu sun daɗe da faɗuwa. An gina ƙofan nan wajen shekara 1250 kafin haihuwar Annabi Isa, ba a fi shekara 50 ba wuta ta cinye fadar.

Muna shiga, hannun dama, aka nuna mana waɗansu ramuka cikin wani kewaye. To, ga labarinsu. Cikin 1876 wani Bajamushe attajiri, Heinrich Schliemann, ya zo ya haƙa wurin. Shi kuwa mutum ne wanda ya gaskata waƙar Homa ƙwarai, Agamemnon ya zo nema. Ya tarad da kaburbura biyar cike da takuba da kofuna da kayan ado na zinariya, waɗansu gawawwakin kuma an rufe fuskokinsu da faifan zinariya mai siffar fuskar mutum. Nan da nan ya buga wa Sarkin Girka waya, ya ce ya sami kabarin Agamemnon.

Da la'asar muka komo Atina, muka shiga babban gidan ajiyar kayan tarihi don mu ga fuskan nan. Ga ta cikin gilashi, mutum ne mai gemu da siririn hanci, idanu a rufe. Har yau da sunan Agamemnon a ke kiranta. Amma masana da suka auna shekarun tukwane da makaman da aka binne tare da ita sun tarar an ƙera ta wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, watau mai ita ya riga zamanin yaƙin Turoya da shekara 300 ko fi. Schliemann dai ya tono gaskiya, amma ya raɗa mata sunan da zuciyarsa ke so.

Nan kusa akwai waɗansu 'yan allunan yumɓu, masu kallo ba su ko tsayawa kansu. Gobara ce ta gasa su, shi ya sa suka tsira. Ba wanda ya iya karanta rubutunsu sai a 1952, da wani Baturen Ingila, Michael Ventris, ya gane tsohon Girkanci ne. Me aka samu ciki? Lissafin ulu da mai da kayan yaji da sunayen ma'aikata. Ba kirari, ba labarin yaƙi, ba kuwa sunan Agamemnon.

Jama'a, ba muna cewa a yar da labarin kaka da kakanni ba ne. In ba don waƙar Homa ba, da Schliemann bai ɗauki magirbi ba. Amma labari jagora ne, ba shaida ba, gani kuwa ya kori ji. Muka fito magariba ta kawo jiki, muna tunanin sarkin nan da aka rufe da zinariya don kada a manta da shi. Zinariyar ta wanzu, sunansa ya ɓace, na masu aikin ulu kuwa ga su nan ana karantawa.