Masu Neman Ilmi da Masaukansu

Duk wanda ya taɓa fatauci ya san abin da fatake ke fara tambaya in sun doshi gari, watau gidan wa za a sauka. Ba su zancen ciniki sai sun ajiye kaya sun sha ruwa. To, haka al'amarin yake ga mai neman ilmi a wata ƙasa. Yau samari da 'yan mata da yawa suna tafiya jami'o'in ƙasashen waje, waɗansu shekara guda, waɗansu fiye. Iyaye kuwa sukan sa hankalinsu kan kuɗin jirgi da sunan makaranta, su mance da inda yaro zai kwana da waɗanda zai zauna da su. In muka duba labarin mutanen da, za mu ga su abin da suka fara gyarawa ke nan.

Bari mu fara da Masar. Wani marubucin tarihi na can, sunansa Maƙrizi, ya ba da labari cewa tsakanin shekara ta 1242 da 1252 mutanen Kanem, watau daular da daga baya ta zama Barno, sun zo Alƙahira a kan hanyarsu ta hajji. Suka ba wani alƙali, Ibn Rashiƙ, dukiya, ya gina makaranta ta mazhabar Malikiyya, ya zauna yana karantarwa a cikinta. Makarantar nan ta zama masaukin mutanensu, suka kuma riƙa aika mata da kuɗi daga gida. Ku duba hikimar. Yaro ya ƙetare hamada, bai san kowa ba, bai saba da abincin garin ba, amma da zuwa sai ya tarad da ɗaki da malami da masu jin harshensa. Daga baya ma a masallacin Azhar aka keɓe wa ɗaliban Barno sashensu, kamar yadda aka yi wa ɗaliban sauran ƙasashe.

Bayan shekara wajen ɗari biyar sai ga wani malami daga Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda Larabawa suka sani da Alkashnawi. Ya yi hajji, ya zo ya zauna a Alƙahira, ya shahara da ilmin hisabi, ya wallafa littattafai da Larabci. Ba a gidan haya ya ƙare kwanansa ba. Wani babban malamin birnin, Hasan Aljabarti, shi ya sauke shi a gidansa, suna ta mu'amalar ilmi har Allah ya yi wa Bakatsinen rasuwa a 1741. Ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Ɗan mai gidan nan, Abdurrahman, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuwa rubuta labarin baƙon ubansa. Da bai iya zama da mutane ba, da wataƙila yau ba mu san inda ya ƙare ba.

Da zamani ya juya, hanya ta karkata zuwa Ingila. Mutanen bakin teku, na Ikko da Ankara da Saliyo, su suka riga mu zuwa. Wahalar da suka fi sha ita ce ta ɗaki, don masu gidajen haya da yawa ba su karɓar baƙar fata. Mutum ya ga sanarwa a taga, ya ƙwanƙwasa ƙofa, da an gan shi sai a ce an riga an ba wani. Saboda haka a 1925 wani ɗalibin shari'a, Ladipo Solanke, da Dokta Bankole-Bright suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a Landan, wadda aka sani da WASU. Suka yi ta neman gudummawa a gida, har a 1933 suka buɗe gidan saukar ɗalibai a unguwar Camden. Can ne baƙo zai sami gado da abinci mai yaji irin na gida, ya kuma sami wanda zai nuna masa hanyar makaranta. Ashe dabarar mutanen Kanem ce aka sake, bayan shekara kusan ɗari bakwai.

'Yan Arewa kuwa sai a 1945 aka tura malaman makaranta huɗu zuwa sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan. Su ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Bello Kano da Malam Yahaya Gusau da Malam Abdurrahman Mora. A shekara mai bi aka tura waɗansu, cikinsu har da Malam Aminu Kano. Ba su tarad da Ingila ta cikin littafi ba. An dai gama yaƙi, gidaje da yawa a rushe, nama da sukari da tufafi duk sai da takardar rabo. Burodi ma, da ba a taɓa ƙayyade shi ba duk tsawon yaƙin, a watan Yuli na 1946 aka sa shi cikin rabo. Sa'an nan daga ƙarshen Janairu zuwa Maris na 1947 aka yi wani irin sanyi da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Ƙanƙara ta toshe hanyoyin jirgin ƙasa, kwal ya yi wuya, aka riƙa ɗauke lantarki sa'o'i da yawa kowace rana. Ku tuna fa, waɗannan mutane ne da ba su san sanyin da ya wuce na hunturu ba.

Ga kuma sha'anin addini. A tsakiyar watan Yuni rana takan yi fiye da sa'a 16 a sama a Landan, a Disamba kuwa ba ta cika sa'a 8. Azumin 1946 da na 1947 ya faɗo cikin Yuli da Agusta, lokacin dogon yini. Babban masallacin Landan na Regent's Park sai a 1977 aka gama shi. A lokacin nan Musulmi da yawa in Salla ta zo sai su hau jirgin ƙasa zuwa garin Woking, inda akwai masallacin da aka gina tun 1889. Mai son naman yanka sai ya yi tambaya ya yi tafiya, in bai samu ba ya haƙura da kifi da ƙwai.

Duk da haka ba su kulle kansu cikin ɗaki ba. Malam Aminu ya shiga cikin mutane, yana zuwa tarurruka, yana sauraron 'yan siyasar Ingila da ɗaliban sauran ƙasashe. A can shi da abokansa suka ƙulla shawarar ƙungiyar malaman makarantun Arewa, wadda ta tsaya da ƙafarta a gida a 1948. Malam Abubakar ya komo a 1946, ya shiga majalisa, a 1957 ya zama Firayim Minista. Karatun shekara guda suka je yi, amma abin da suka koya a waje da aji bai gaza na cikin aji ba.

To, me ɗalibin yau zai ɗauka daga wannan? Na farko, kada ya bar gida sai ya san inda zai kwana, da kuɗin ɗakin, da nisansa da makaranta. Galibin jami'o'i suna da ofishin kula da baƙin ɗalibai, ya rubuta musu tun da wuri. Kada ya aika wa wani kuɗin ɗakin da ba wanda ya gani. Na biyu, ya tanadi tufafin sanyi da takalmi mai kauri, ya kuma koyi dafa abinci ko da kala uku ne, don cin abincin saye kullum shi ke cinye guzuri. Na uku, ya raba kuɗinsa wata wata, ya fara fid da na haya. Na huɗu, cikin makon farko ya nemi wurin ibadarsa da asibitin ɗalibai da ɗakin karatu, tun bukata ba ta taso ba. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyar shi ya fi wuya. Ya nemi 'yan ƙasarsu, don su ne za su tsaya masa ran ciwo da ran kewa. Amma kada ya tsaya gare su kaɗai, har ya komo bai taɓa shiga gidan mutumin garin ba, bai kuma iya gaisuwarsu ba. Ya gai da maƙwabci, ya cika alkawarin lokaci, ya bi dokar gidan da ya sauka. Baƙo ɗaya mai halin kirki yakan buɗe wa goma ƙofa, haka kuma ɗaya yakan rufe ta.

Na ƙarshe, ya kai sunansa ofishin jakadancin ƙasarsa, ya adana fasfo da takardun makaranta wuri guda. A 2022 yaƙi ya ritsa da ɗaliban Nijeriya a Yukiren, a 2023 kuma a Hartum, sai da aka kwashe waɗansu a motoci zuwa iyakar Masar. A irin wannan rana wanda aka san inda yake shi ake fara samu.

Ku iyaye, in yaronku ya kawo takardar an karɓe shi a jami'ar wata ƙasa, ku yi murna ku gode wa Allah. Sa'an nan ku yi masa tambayar fatake: gidan wa za ka sauka? Allah ya kai su lafiya, ya komo mana da su da ilmi mai amfani, amin.