Daga Gambo Sawaba zuwa #ArewaMeToo

A shekarun 1950, matan NEPU irin su Hajiya Gambo Sawaba, masu neman wa matan Arewa 'yancin zaɓe, karuwai abokan hamayya suke ce musu. 'Yancin bai samu ba sai 1976.

To, a Fabrairun 2019 'yan mata suka taso da #ArewaMeToo a Twitter, suna tona asirin masu fyaɗe. Kafin shekarar ta ƙare an raɗa musu nasu sunan: wai 'yan koren Turawa ne, masu tallan maɗigo. Zargin nan fa ba wasa ba ne. Dokar hana auren jinsi ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai goya wa irin waɗannan ƙungiyoyi baya. Iyaye suka tsorata, maganar fyaɗen ta koma gefe.