Gidan Arewa: Gidan Firimiya da Ya Koma Taskar Tarihi

A kan Titin Rabah da ke Kaduna gidan yake. Nan Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zauna yana Firimiyan Jihar Arewa, nan kuma sojojin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka auka masa kafin wayewar garin 15 ga Janairu, 1966, ana cikin azumi, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu.

A 1967 gwamnatin Yakubu Gowon ta raba Arewa jihohi shida. Kadarorin tsohuwar jiha sai suka zama kamar gadon da ba a raba ba, aka miƙa su ga wata hukumar riƙon ƙwarya. A lokacinta ne aka yi kwamitin rubuta tarihin Arewa, wanda daga aikinsa Gidan Arewa ya samo asali a 1970. Jagoran cibiyar na farko shi ne Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zama ɗan ƙasa. Daga baya cibiyar ta koma hannun Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Yawancin maziyarta wajen hotuna da kayan Sardauna suke tsayawa, su yi masa addu'a su wuce. Ba laifi. Amma a ganina dukiyar gidan tana ɗakin adana takardu: rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, da takardun mulki, da tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. A cikinsu ne za ka iske siyasar da zafinta, lokacin da ake sa-in-sa kan haraji da ikon En'e da ranar karɓar mulkin kai, tun ba a mai da 'yan siyasar wancan zamani waliyyai ba.

Sai dai gidan shugaban jam'iyyar NPC mai mulki ne, kuma bakin mai mulki ya fi yawa a takardun mulki. Mai neman jin ta bakin 'yan Sawaba, waɗanda suka sha ɗauri da bulala saboda jam'iyyar adawa ta NEPU tun kafuwarta a 1950, sai ya kama hanyar Kano, ya nufi Gwammaja. Can ne Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, inda aka binne shi a 1983, wanda yanzu Jami'ar Bayero ke riƙe da shi a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya.