Yadda Za Ku Kare Kwamfutar Tebur Daga Ƙura

Kwamfutar tebur ita ce wadda take da akwati dabam, allo dabam, kamar wadda kuke gani a ofishin magajin gari, ko a makaranta, ko a shagon buga takardu. Tana da tsada, kuma a cikinta ake ajiye sunayen ɗalibai, da lissafin kuɗin ƙungiya, da sauran takardu masu muhimmanci. A Kore Mairuwa da sauran garuruwan Arewa, babban abin da ke rage mata kwana shi ne ƙura.

Daga ina ƙurar take zuwa?

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. Yawancin hazon da take kawowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Ga kuma wadda manyan motoci ke tayarwa a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso, ta ratsa Kore Mairuwa zuwa Dogon Dutsi. Ga ta shara, ga ta guguwar farkon damina.

Me ƙura take yi wa kwamfuta?

Kwamfuta tana yin zafi idan tana aiki. Saboda haka aka sa mata ƙananan fankoki, su jawo iska daga waje, su fitar da mai zafi. Iskar da suka jawo tana shigowa da ƙura. A hankali ƙurar tana toshe kafofin iska, tana kuma cika wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi wanda yake tsotse zafin ƙwaƙwalwar na'urar. Idan zafin ya kusan digiri 100, kwamfuta tana rage sauri ko ta kashe kanta don kada ta ƙone. Wannan ya fi faruwa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari yake wuce digiri 40.

Ga alamun da za ku lura da su: fanka tana ƙara fiye da yadda ta saba, aiki yana tafiya a hankali, akwati yana zafi, ko na'urar ta mutu kuna cikin rubutu.

Rigakafi

Ku ɗora akwatin a kan tebur, kada ku ajiye shi a ƙasa. Ku bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Ku rufe tagogi idan iska ta taso. Kafin shara, ku kashe kwamfuta, ku yayyafa ruwa a daɓe. Bayan an tashi aiki, ku bari ta huce, sannan ku lulluɓe ta da zane mai tsabta. Kada ku lulluɓe ta tana aiki, domin zane yana hana zafi fita. Kada ku ci abinci kusa da ita, don ɓurɓushi yana jawo kyankyasai da ɓeraye.

Yadda ake share ta

1. Ku kwafi takardunku masu muhimmanci a filashi tukuna.

2. Ku kashe kwamfuta, ku zare wayar wuta daga bango. Ku danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita.

3. Ku kai akwatin waje, a inuwa, ku ɗaura ƙyalle a hanci da baki.

4. Ku kwance murfin gefe. Kafin ku sa hannu ciki, ku taɓa ƙarfen akwatin. Kun san tartsatsin nan da ake ji idan an tuɓe riga da hunturu? Wuta ce da take taruwa a jiki, kuma tana iya lalata ƙananan kayan ciki.

5. Ku hura iska da famfon keke ko ƙaramar na'urar hura iska. Ku riƙe fanka da yatsa don kada ta yi ta juyawa da ƙarfi.

6. Inda ƙura ta daskare, ku kaɗe ta a hankali da sabon burushin fenti mai laushi.

7. Ku mayar da murfi, ku goge bayan akwatin da allo da busasshen ƙyalle mai laushi, sannan ku haɗa wayoyi.

Abubuwan da za ku guje wa

Kada ruwa, ko kananzir, ko fetur ya taɓa cikin kwamfuta. Kada ku hura da baki, saboda yawu. Kada ku kai ta wurin mai facin taya, domin iskar injinsa tana da ƙarfi ƙwarai, kuma takan fito da ruwa da mai. Kada ku cire ƙarfen nan mai haƙora daga mazauninsa. Mafi muhimmanci, kada ku buɗe ƙaramin akwatin da wayar wuta take shiga, ko tsohon allo mai ƙaton baya. Suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya.

Ku goge bayan kwamfuta kowane mako, ku share cikinta bayan kowane wata 3, musamman a ƙarshen hunturu kafin zafin bazara ya shigo. Idan kun share amma ba ta daina mutuwa ba, ko kun ji ƙaurin ƙonewa, ku zare waya nan take, ku kai ta wurin mai gyara.