Ramar jego da ƙibar jego: yadda jikin mai shayarwa ke sauyawa bayan haihuwa

Jego shi ne lokacin da mace ke shiga daga ranar da ta sauka har jikinta ya murmure daga ɗawainiyar goyon ciki da naƙuda. Bahaushe ya ƙidaya masa kwana arba'in, likitoci kuma suna lissafa mako shida, wato kwana 42. Sai dai abin da ke kammaluwa cikin wannan wa'adi shi ne komawar mahaifa mazauninta da ɗaukewar jinin biƙi. Nauyin jiki, da tsokar ciki, da gashi, da ƙashi, kowanne da nasa lokacin: wani wata shida, wani shekara, wani sai bayan yaye. Yawancin damuwar da masu jego ke shiga game da surar jikinsu ta samo asali ne daga zaton cewa da an yi arba'in komai ya kamata ya koma yadda yake.

Makonnin farko

Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16 a tsawon goyon ciki ɗaya. A ɗakin haihuwa take sauke kilo biyar zuwa shida, nauyin jariri ke nan da mabiyiya da ruwan faya. Cikin mako ɗaya ko biyu da ke biye sai wani kilo biyu ko uku ya fita ta hanyar fitsari da gumi, domin jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabin abin da yake a da, kuma jiki ba ya bukatar wannan rara bayan an sauka. Shi ya sa mai jego kan farka cikin dare sharkaf da gumi ko da a cikin hunturu. Abin da ya saura bayan wannan, akasarinsa kitse ne da jiki ya ajiye a cinya da ƙugu da ciki, guzurin shayarwa.

Mahaifa ita ce ke yin sauyi mafi sauri. Ranar haihuwa nauyinta kusan kilo guda ne, ana jin kanta daidai cibiya. Daga nan takan riƙa sauka kimanin faɗin yatsa guda kowace rana. Bayan mako biyu ba a jin ta da hannu a ciki, a mako na shida kuma ta koma giram 100 ko ƙasa da haka. Shayarwa na da hannu a wannan aiki. Duk lokacin da jariri ya kama nono, jikin uwa yana sakin sinadarin oksitosin, wanda ke turo ruwan nono, shi ne kuma ke sa mahaifa ta tsuke. Ciwon marar da ke murɗa mai jego tana cikin ba da nono a kwanakin farko daga nan yake, kuma ya fi tsanani ga wadda ta yi haihuwa biyu ko fiye.

Shin shayarwa na ramarwa?

Mai shayar da nono zalla tana samar da kusan kashi uku cikin huɗu na lita a kowace rana, abin da ke cin ƙarin kuzarin abinci kimanin kalori 500 bayan wanda jiki ke ɗebowa daga kitsen da ya ajiye. A lissafi, ya kamata wannan ya rage nauyi, kuma ga mata da yawa yana ragewa, musamman tsakanin wata na uku da na shida. Amma idan aka haɗa sakamakon binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, bambancin nauyi tsakanin mai shayarwa da wadda ba ta shayarwa ƙanƙani ne. Shayarwa na kawo yunwa da ƙishirwa. Rashin barci na sa kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Ga zaman ɗaka na kwana arba'in. Akwai mata da jikinsu ke riƙe kilo biyu ko uku har sai sun yaye. Wannan ba cuta ba ce, ba kuma lalaci ba ne.

A Nijeriya maganar tana da fuska biyu. Binciken alƙaluman jama'a da lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura ƙima, kashi 12 kuma ramammu ne, sannan kashi 58 na fama da ƙarancin jini. Saboda haka yayin da ma'aikaciya a Abuja ko Legas ke neman yadda za ta rage tumbi kafin hutun haihuwarta ya ƙare, wata a ƙauye tana ba da nono, tana daka, tana ɗebo ruwa, ita ce kuma ta ƙarshen cin abinci a gidan. Jikin irin wannan uwa zai ci gaba da yin nono mai kyau, amma daga tsokarta da ajiyar jikinta yake cira. Ramar da ake ce wa "yaron ne ke tsotse ta" sau da yawa ƙarancin abinci ne, kuma maganinta a ƙara wa uwa tuwo da miya, kada a cire yaro daga nono. Idan aka yi kwanika kuma, wato wani cikin ya shiga ana tsakiyar goyo, ramin sai ya ƙara zurfi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ɗaukar wani ciki.

Ga mai son rage nauyi, ma'aunin da likitoci suka tsaya a kai shi ne ta jira mako shida zuwa takwas har nono ya kafu, sannan kada raguwar ta wuce rabin kilo a mako. An gwada wannan a kan mata masu ƙiba da ke shayarwa, ba a ga ya taɓa girman jariransu ba. Abin da ake ragewa shi ne lemon kwalba, da sukarin shayi, da soye-soye, da man da ke iyo a kan miya. Abin da ba a taɓawa shi ne wake, da gyaɗa, da awara, da ƙwai, da kifi, da nama idan ya samu, da ganye irin su zogale da alayyahu da rama da ugu, da hatsin da ba a surfe shi ƙal ba. Tsallake abinci gaba ɗaya na kawo jiri da kasala, kuma yana iya rage yawan nono. Ita ma mai son azumi tana goyon ƙaramin jariri, shari'a ta yi mata sauƙi idan ta ji tsoro ga kanta ko ga ɗanta.

Kunun kanwa, ruwan zafi da zuciya

Kusan kowace al'umma a ƙasar nan tana da tsarin kula da mai jego. A ƙasar Hausa akwai wankan jego safe da yamma, da kunun kanwa, da yaji, da gasasshen nama, da farfesun ƙauri. Inyamurai na da omugwo, inda uwar mace ko surukarta ke tarewa a gidan ta riƙa gasa mata ciki da ruwan zafi tana dafa mata farfesu. Hikimar da ke ciki a bayyane take: hutu, da abinci mai gina jiki, da babbar mace a kusa wadda ta san abin da take kallo.

Inda likitoci suka daɗe suna ja da al'ada shi ne kanwa da tsananin zafi. A shekarun 1970, likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bayyana yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego a yankin, suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da kuma zafin wanka da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa. Daga baya wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar, wanda aka wallafa a 2020, ya tabbatar da cewa cutar ta fi yawa a Arewa maso Yamma, amma bai sami hujjar ɗora laifin a kan wanka ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da tarihin hawan jini lokacin ciki, da rashin aikin yi da rashin karatu. Wannan sakamako ya kamata ya tsaya a ran duk mai ganin rama ado ce ga mai jego. Duk da haka kanwa gishiri ce, kuma wadda jininta ya hau lokacin ciki ko ƙafafunta ke kumbure gara ta bar ta. Ruwan da ya isa ya sale fata kuma ba ya warkar da komai.

Tumbi, nono da gashi

Tumbin da ke saura bayan haihuwa ba kitse ne kaɗai ba. Tsokoki biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara sukan buɗe a tsakiya domin ba ciki wuri, kuma sukan ɗauki watanni kafin su matso. Mace za ta iya dubawa da kanta: ta kwanta rigingine, ta lanƙwasa gwiwa, ta ɗaga kai kaɗan, ta danna yatsu a saman cibiya. Idan bayan wata biyu ramin ya fi faɗin yatsu biyu, ya dace ta ga likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ta kuma guji atisayen da ke sa ciki ya tuso gaba. Ɗaure ciki da zane ko ɗamara yana tallafar baya, yana kuma sauƙaƙa tashi da tafiya ga wadda aka yi wa tiyata, amma ba ya narkar da kitse. Idan aka tamke shi da ƙarfi sai ya danna mara, ya tsananta yoyon fitsarin da wasu ke samu in sun yi tari ko atishawa. Abin da ke gyara wannan yoyo shi ne atisayen matse tsokar ƙasan mara, kamar mai riƙe fitsari, a saki, a maimaita sau da yawa a yini. Tafiya a ƙafa ana iya fara ta da zarar jiki ya yarda. Aiki mai nauyi da ɗaga kaya, musamman bayan tiyata, sai an yi awon mako shida.

Nankarwa takan dushe amma ba ta ɓacewa ɗungum, duk abin da masu tallan mai za su faɗa. Baƙin layin da ke ratsa cibiya da duhun fuska da wuya suna washewa da kansu cikin watanni, ba sai an kai ga man bilicin ba, wanda ma haɗari ne ga jaririn da ke manne da fatar uwarsa.

Batun zubewar nono ya hana mata da dama shayarwa yadda ya kamata, a ƙasar da binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Abin da likitoci suka gano shi ne goyon cikin kansa ne ke buɗa nono ya saki fata, tare da yawan haihuwa, da shekaru, da girman nonon tun asali, da saurin ƙiba da rama. Wadda ta ƙi shayarwa ba ta tsira ba, ta dai hana ɗanta abincinsa.

Gashi kuma yakan fara zuba wajen wata na uku, ya cika mataji har hankali ya tashi. Gashin da ya ƙi zuba ne lokacin ciki yake fita gaba ɗaya bayan sinadarin istirojin ya sauka, kuma akasari yakan dawo kafin yaro ya shekara. Ƙananan kitso masu ɗaure goshi ne ke mayar da shi sanƙo. Saukar wannan sinadari ce ke kawo bushewar gaba da raguwar sha'awa, abin da ya kamata maigida ya sani kafin ya fassara shi da wani abu. Ƙashi ma yana ba da kashi uku zuwa biyar cikin ɗari na sinadaransa ga nono, ya mayar bayan yaye. Jinin al'ada na iya ɗaukewa watanni, amma hakan na hana ɗaukar ciki ne kawai idan sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba.

Shayin rage tumbi da "sha ka fashe"

Kasuwa ta tanadi kaya ga kowane ɓangare. Yawancin shayin rage tumbi da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp maganin sa gudawa ne ko na sa fitsari, wasu da filasko a ciki. Ruwa suke fitarwa, alhali ruwa mai shayarwa ta fi bukata. A ɗaya gefen akwai ƙwayoyin sa ƙiba da aka fi sani da "sha ka fashe". Daga cikinsu akwai dezametason, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya jawo hawan jini da ciwon suga, da kuma sifiroheftadin mai buɗe ciki, wanda ke iya rage ruwan nono. Lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin kwali ba ta nufin maganin ya dace da mai shayarwa.

Akwai sauye-sauyen da ba a jira da su. Kumburin ƙafa da ke ƙaruwa bayan mako na farko, da haki, da kasa kwanciya sai an tara matasai, da tarin dare, alamun zuciya ne, kuma nauyin da ya hau da sauri a irin wannan hali ruwa ne, ba ƙibar jego ba. Ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani na iya zama hawan jini ko da an riga an sauka. Jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin sa'a guda, ko mai wari tare da zazzaɓi, na bukatar asibiti a ranar. Rama mai sauri tare da bugun zuciya da rawar hannu da jin zafi, ko kuma ƙiba da sanyin jiki da kasala bayan wata huɗu, na iya fitowa daga kumburin ƙullin maƙogwaro da ake kira tairod, wanda ke samun kusan mace ɗaya cikin ashirin a shekarar farko. Rama da tarin da ya wuce mako biyu na bukatar gwajin tarin fuka. Uwar da ta daina cin abinci, take kuka ba dalili, ta kasa barci ko da jariri ya yi, tana iya kasancewa cikin ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma yana da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a duba mai jego da jaririnta sau huɗu: cikin sa'a 24 na farko, a kwana na uku, tsakanin kwana na 7 da na 14, sai kuma a mako na shida. A nan ake auna jini da nauyi, a duba ɗinki, a ba da maganin ƙarin jini ga mai bukata, a kuma tattauna tazarar haihuwa. Ana yin wannan awo a cibiyoyin lafiya na matakin farko, ko da a gida aka haihu.