Yadda Muka Koyi Gyaran Babur a Sabon Badun

A wannan fitowa mun ga ya kamata mu waiwayi wani ilmi da ba mu zo Kurmi da shi ba, zama ne ya koya mana, watau mutum ya gyara baburinsa da hannunsa. Abin da ya tayar da maganar kuwa shi ne yawan samarinmu da ke sayen tsohon mashin domin neman abinci, sa'an nan rabin abin da suka samu a yini ya ƙare a hannun bakanike.

Kowa ya san goro da shanu suka kafa wannan unguwa tun 1916. Kakanninmu jirgin ƙasa suka sani, sai ƙafa, sai keken Raleigh ga wanda Allah Ya buɗa wa. Babur a lokacin abin hawan malaman makaranta ne da malaman gona da akawu. Amma keken nan ya yi mana rana, domin a jikinsa iyayenmu suka iya faci da ɗaure sarƙa da gyaran birki, kuma da wannan ɗan jari suka shiga zamanin inji.

Zamanin ya zo ne da kuɗin Udoji a farkon 1975, lokacin da gwamnatin Janar Gowon ta ƙara wa ma'aikata albashi har da ariyas. Mu ba ma'aikata ba ne, amma kuɗin sun biyo kasuwa sun iske mu. Nan da nan Vespa da Honda da Suzuki da Yamaha suka cika ƙofar gidaje. Kamfanin Boulos na harhaɗa Suzuki a Ikko, Honda kuma ta kafa nata kamfanin a Ota cikin 1979. A waɗannan shekaru babu mai ɓata hannunsa da baƙin mai. Naira ta fi dala daraja, kayan gyara sababbi ne a kwali, ga kanikawa Yarbawa a Mokola waɗanda suka yi shekaru suna koyo a ƙarƙashin oga kafin a yaye su da biki. In mashin ya yi tari a tura musu, in ya tsufa a sayar a sayi wani.

Sai 1986 ta zo, Janar Babangida ya kawo shirin SAP. Kafin shekara ta zagayo dala ɗaya ta koma wajen naira 4, daga nan kuma ba ta sake waiwayowa ba. Sabon babur ya fi ƙarfin talaka, aka koma ga na hannu, wanda muke kira Beljiyam, maƙwabtanmu kuma su ce tokunbo. Kayan gyara na asali suka yi wuya, na Taiwan da 'yan kasuwar Nnewi ke shigowa da su suka maye gurbinsu. A lokacin ne kuma haya da babur ta bazu, mu ce acaɓa, mutanen nan su ce okada, sunan da aka aro daga kamfanin jirgin sama na Okada Air. To, mutumin da tuwon gidansa ya rataya a kan mashin mai shekara goma ba zai iya biyan bakanike kowace safiya ba. Haka koyo ya fara, ba makaranta ba littafi. Mutum ya kai gyara, maimakon ya tafi shan shayi sai ya zauna a benci ya zuba ido, ya miƙa goro, ya yi tambaya. Gobe in abin ya sake faruwa ya gwada da kansa a zaure.

Abin da ya kamata sabon shiga ya lura da shi shi ne, waɗanda suka ƙware a cikinmu ba da buɗe inji suka fara ba. Da wanki suka fara, domin sai an wanke mashin ake ganin inda mai ke yoyo da inda noti ya kwance. Daga nan sai juyen baƙin mai tun inji na da ɗumi. Sai sarƙa: a shafa mata mai, a bar mata wasa kamar faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu, don in ta ɗaure tam ita da haƙoranta duk cinyewa za su yi. Sai fulogi, wanda dattawanmu ke karantawa kamar wasiƙa. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. In ya jiƙe da baƙin mai, ringi ya gaji. In kuwa ya yi fari fat, inji na zafi fiye da kima, a yi hattara.

Ranar da mashin ya ƙi tashi, tambaya uku suke yi: akwai mai, akwai wuta, akwai matsi? A zare tiyo a ga ko fetur na sauka. A kwance fulogi, a mayar masa da hularsa, a jingina shi da jikin inji, a buga kik. In an ga tartsatsi shuɗi, wuta na nan. A toshe ramin fulogi da babban yatsa a sake bugawa. In iska ta ture yatsan da ƙarfi, fistin na da rai. Wallahi yawancin abin da ake tura mashin gareji saboda shi bai wuce ɗayan ukun nan ba.

Kafireto kuwa wahalar mai ce ta koya mana shi. A 1993 da 1994, lokacin rikicin zaɓen 12 ga Yuni da yajin aikin ma'aikatan mai, lita ta tashi daga kwabo 70 har ta kai naira 11, kuma ko da kuɗinka sai ka kwana a layi. Aka koma ga 'yan bumburutu, su kuwa galan ɗinsu ba ya rasa ruwa ko kananzir ko tsatsa. Dole kowa ya iya kwance kwanon kafireto, ya zubar da dauɗa, ya fitar da jet ya hura. Ƙa'idar da aka gada ita ce kada a zura allura a ramin jet, domin in ya faɗaɗa mashin zai riƙa shan mai har ranar da aka sayi sabo. Wata ƙa'idar kuma, a shimfiɗa buhu ko a sami faranti, duk abin da aka cire a jera shi bi da bi. Yaran yanzu ma sun huta, sai su ɗauki hoto da waya kafin su kwance. Kuma don Allah a yi aikin fetur a fili, nesa da murhu da mai shan taba. Gidajenmu a cushe suke.

Tsofaffin mashina suna da kwantak, wanda ake buɗe bakinsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Wanda ba shi da geji yakan yi dabara da takardar kwalin taba. Masu Suzuki da Yamaha 100, waɗanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, su kuma aikinsu kankare kunkunniyar salansa. Abin da ya fi kashe mashina a hannun 'yan koyo shi ne ƙarfin tuwo: jikin inji alminiyom ne, in ka matse noti da zuciya sai zaren ya cinye, gyaran naira biyar ya koma na ɗari.

A nan ya kamata mu yi wa Honda CG125 adalci. A 1974 injiniyoyin kamfanin suka zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, suka tarar mutane na labta wa babur kaya, ba sa juye sai mai ya zama kamar kwalta. Sai suka ƙera injin da zai jure wannan hali, aka fito da shi a 1975, bawul ɗinsa na aiki da 'yan sanduna biyu maimakon sarƙar cikin inji. Ɗaure bawul ɗin, milimita 0.08 inji na sanyi, aikin minti kaɗan ne. A ganinmu babu mashin da ya fi shi dacewa da ɗan koyo.

Daga wajen shekarar 2000 mashinan Sin irin su Jincheng suka kwararo da araha, Bajaj ta Indiya ta biyo baya. Kwantak ya ba da wuri ga CDI, ɗan akwati rufaffe da ba a gyarawa sai canji. Da yake kaya sun yi sauƙi, gyara ya koma cire wannan sa wancan, ilmin zaure kuma ya fara dusashewa. Ga shi yau an koma gidan jiya. Gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a manyan ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, samari da dama suka gangaro nan da mashinansu. A 2023 aka janye tallafin mai, aka saki naira, sabon babur ya sake fin ƙarfin mai ƙaramin jari.

Sa'ar da aka yi, da yawa daga injinan Sin kwaikwayon CG ne, saboda haka abin da dattijo ya koya a zamanin SAP yana nan da amfaninsa, kuma masu wannan sani ba su ƙare a Sabo ba. Kayan farawa ma ba su canza ba: sifana lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17, sifanar fulogi, filaya, da sukundireba biyu. Duk ana samunsu a kasuwar Gate.